Tara Suka Shiga, Takwas Suka Fito

A gidanmu ba a kirana da komai sai Baƙuwa. Inna ce ta raɗa mini sunan, shekarar da na shiga aji huɗu a makarantar likitanci, lokacin da aka fara jefa mu daga wannan asibiti zuwa wancan. Wata biyu a ɓangaren yara a wani gari, wata uku a ɓangaren haihuwa a wani, sai mako shida a wani ƙaramin asibiti da motar haya ba ta zuwa sai ranar da direba ya ga dama. Cikin shekara uku na zauna a ɗaki goma sha ɗaya. In na zo gida kwana biyu, sai Inna ta leƙo ta ce, "Baƙuwa, a yi miki shimfiɗa ne ko wucewa za ki yi?" Tana faɗa tana dariya, amma na san dariyar ba ta kai ciki ba.

Baba kafinta ne, kuma magana ba ta dame shi ba. Ranar da na samu shiga makarantar, ya wuce shagonsa ya yi mini kantar littattafai mai hawa biyar, da wani katako mai nauyin tsiya. To kanta dai ba ta shiga akwati. Shekara shida tana jingine a bayan shagon, an lulluɓe ta da tsohon zanen gado. Duk wanda ya ɗaga zanen ya nuna yana so, sai Baba ya ce, "Mai ita tana hanya."

A tashina na farko na bar abin sauraren ƙirji rataye a bayan ƙofa. A na biyu na bar caja da takalmi ƙafa ɗaya. Ina ba da labarin takalmin a ɗakin canza kaya, ina dariyar kaina, sai wata tsohuwar nas ta ɗakin tiyata ta kalle ni ta saman tabarau.

"Ke da za ki riƙa buɗe cikin mutane, ke ce kike barin takalmi a ɗaki? Mu nan ba ma rufe ciki sai mun ƙirga. Abin da ya shiga, shi zai fito. Ɗaki ma haka ne, 'yata. Kar ki rufe sai kin ƙirga."

Daga ranar na san kayana guda arba'in da uku ne, har da akwatin kansa. In na shiga ɗaki in ƙirga, in zan fita in ƙirga. Sai dai abin ya wuce gona da iri, ya zama kamar ciwo. Ina ƙirga cokula, ina ƙirga matakala, ba don ina so ba. Wata rana a hanya motarmu ta tsaya aka sha ruwa, direba ya ja, na ce masa, "Malam direba, mu sha takwas muka sauka, sha bakwai muka hau." Ya yi tsaki, fasinjoji suka hau ni da surutu. Muna cikin haka sai ga wani dattijo ya fito daga bayan gini yana gudu, hannu ɗaya a tazuge. Yayana da ya ji labarin ya ce ba likita ya kamata in zama ba, kwandasta.

A shekarar ƙarshe kowa ya shiga neman gurbin horon ƙwarewa, wato shekaru biyar ɗin da likita ke yi a ƙarƙashin manya kafin ya zama gwani a fanni ɗaya. Ni tiyata nake so, kuma a babban asibitin garinmu nake son yi, wanda daga ƙofarsa zuwa shagon Baba tafiyar minti ashirin ce a ƙasa. Gurbi biyu ne kacal, masu nema sun fi arba'in. Na yi karatun jarrabawar a tashoshin mota da ɗakunan jira, littafi a kan akwati, akwati a kan cinya. Mu shida muka tsallake, aka ba kowa wata guda na gwaji. Bayan nan shugaban ɓangaren zai zaɓi biyu. In ban shiga ba, sai wani garin kuma, wata shekara biyar, alhali gwiwoyin Baba sun riga sun fara ƙin hawa matakala.

Shugaban nan ɗalibai Agogo suke ce masa, a bayan idonsa. Dogo ne siriri, kullum a murtuke, ya san minti nawa kowane aiki zai ci, kuma duk wanda ya ƙara masa minti ɗaya ya shiga uku. An ce ya taɓa korar wani ɗalibi daga ɗakin tiyata saboda ya tambayi abin da ke rubuce a littafi. Wata likita da ta riga ni shiga ta ja ni gefe ranar farko ta ce, "Shawara ɗaya zan ba ki. Ki riƙe ƙarfe, ki riƙe bakinki."

Mako uku na riƙe duka biyun. A gida nake kwana, amma ban yarda na juye akwatin ba. In na wanke riga, sai in ninke in mayar. Inna ta gaji ta ce, "Wannan akwati dai kamar shi ya haife ki."

Ranar Laraba ta makon ƙarshe, da misalin goma na safe, aka kawo wani magini da ya faɗo daga saman gini. Saifarsa ta fashe, cikinsa ya cika da jini. Agogo da kansa ya shiga. Aikina shi ne in ja bakin cikin da wani lanƙwasasshen ƙarfe don ya ga abin da yake yi, aikin da ba ya buƙatar komai sai kafaɗa da haƙuri. Yana buɗewa jini ya taso, ya shiga cusa ƙyallayen tsane jini ta ko'ina, da sauri kamar mai toshe randar da ke yoyo. Ni kuwa ciwona ya motsa. Ɗaya, biyu, uku. Ana tsaka da haka likitan da ke sa barci ya ce bugun jini yana sauka, aka yi 'yar hayaniya ta wajen kan majinyacin, ledar ƙarin ruwa ta zube a ƙasa. Ban ɗaga kai ba. Tara suka shiga.

Ya cire saifar, ya ɗaure jijiyoyi, jini ya tsaya. Hannun mutumin nan abin kallo ne, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai ya fara zaro ƙyallayen yana jefawa a bokiti. Shida, bakwai, takwas. Na jira na tara. Ya miƙe tsaye ya dubi agogon bango.

"Sista, ƙyalle ya cika?"

Nas ɗin da ke ƙirgar ta jera su a ƙasa kan leda, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta sake bi. "Ashirin aka buɗe, ashirin ne a waje, Yallaɓai. Ya cika."

"Zare. Mu rufe."

Allon da ake rubuta ƙirgar a kai ya ce ashirin, Sista ta ce ashirin, mutumin da ya shekara talatin yana wannan aiki ya ce a rufe. Ni wace ce? Ɗaliba mai jan ƙarfe, wadda saura kwana biyu a yanke mata hukunci. Na ce a raina ƙila lokacin hayaniyar nan idona ya kauce. Na tuna kantar Baba a ƙarƙashin zane. Wallahi na so in yi shiru, na so ƙwarai. Amma na san abin da ƙyalle ke yi in ya kwana goma a cikin mutum, na gani da idona a asibiti na bakwai. Allura ta riga ta taɓa nama lokacin da na ji muryata ta fito, siririya, kamar ba tawa ba.

"Yallaɓai, tara suka shiga, takwas suka fito."

Agogo bai ɗago ba.

"Wa ya yi magana?"

"Ni ce, Yallaɓai."

"Sau biyu na ƙirga," in ji Sista, muryarta ta canza. "Ga su nan a ƙasa, kowa ya gani."

Sai a lokacin ya kalle ni, ta tsakanin hula da takunkumi. "Ke, tun yaushe kike ɗakin nan?"

"Mako uku da kwana uku, Yallaɓai."

"In na sa hannu ban samu komai ba fa?"

Ban san daga inda amsar ta zo ba. "Sai in ɗauki akwatina, Yallaɓai. A shirye yake."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Agogo ya ajiye allurar ya zura hannu. Ya lalubi hagu, babu. Ya ɗaga hanji ya duba ƙasa, babu. Ya fito da hannun, ya sake duban agogon bango. Na riga na tsoma ƙafa, sai na ƙarasa.

"Sama, ta dama, bayan hanta. Na huɗu ne. Kun sa shi daidai lokacin da aka ce jini na sauka."

Ya sake zura hannu har wuyan safar hannun. Ya ɗan tsaya. Sannan ya zaro shi a hankali, a dunƙule, ya rine da jini har ba a bambanta shi da nama. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya jefa a bokiti.

"Ashirin da ɗaya," in ji Sista a hankali. "To ina na ɗayan ya fito?"

Likitan barci ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. Lokacin da ruwan ya zube, ya ce, ya zari ƙyalle ɗaya daga kabad ya goge, ya jefa a bokitin ba tare da ya gaya wa kowa ba. Shi ne ya cike gurbin wanda ke ciki.

Agogo ya rufe cikin, ya cire safa, ya fita. Ranar Alhamis ya wuce ni a baranda kamar bai taɓa ganina ba. Maginin dai ya farfaɗo, har yana tambayar wa ya ɗauko masa takalmansa daga wurin aiki. Na koma gida na ƙirga kayana, arba'in da uku, na ja zif. Inna ta gani daga bakin ƙofa, ba ta yi tsokanar ba a ranar.

Juma'a da hantsi aka ce yana nemana a ofis. Bai ce in zauna ba.

"Kin ɓata mini minti goma sha ɗaya."

"Ku yi haƙuri, Yallaɓai."

"Wa ya ce ki ƙirga?"

Sai na ba shi labarin takalmi ƙafa ɗaya, da tsohuwar nas, da ɗakuna goma sha ɗaya. Bai yi dariya ba, ban ma tabbata ya iya ba.

"Shekara talatin ina tambaya ko ya cika," ya ce. "Ban taɓa ƙirga wanda na sa da hannuna ba." Ya turo wata takarda gabana, da makulli a kanta. "Ɗaki na sha biyu, gidan likitoci, bayan ɗakin magani. Ranar ɗaya ga wata, bakwai saura kwata. Ban ce bakwai ba. Kuma ki biya ki ga Sista kafin ki tafi. Ƙirgarta daidai ce, ashirin ne a bokitin. Kar in ji kina yi mata kallon banza."

Na biya na ga Sista. Ta harare ni, sannan ta rungume ni har hulata ta faɗi. Tafiyar minti ashirin ɗin nan kuwa a minti tara na yi ta, da farar riga a jikina, mutane na kaucewa suna zaton wani ne ba lafiya. Na sami Baba yana goge wata ƙofa. Na kasa magana don haki, sai na ɗaga masa makullin. Ya kalle shi, ya kalle ni. Ya cire fensirin da ke bayan kunnensa ya ajiye, ya wuce bayan shago ya yaye zanen gadon.

Ranar da na tare, Yaya da wani maƙwabcinmu ne suka hau da kantar benen gidan likitoci, suna nishi, Yaya yana cewa katakon nan da shi ya kamata a yi gada. Baba ya hau a hankali yana dafa bango, jakar kayan aiki a kafaɗa, ya ƙi bari a karɓar masa. Ya auna, ya fito da dogayen ƙusoshi huɗu, ya fara kafe kantar a jikin bango.

"Baba, ai da kun bar ta a jingine. In za a tashi fa?"

Ya cire ƙusar da ke bakinsa. "Wa zai tashi?"

Nan na zauna a bakin gado na yi kuka, kukan daɗi, ban ma ɓoye ba. Inna ta bar ni na yi mai isata. Ta juye akwatin kaf a kan katifa, ta kakkaɓe shi, ta ja zif.

"Wannan ni zan tafi da shi, in zuba barguna," ta ce. Ta ja shi har bakin ƙofa, sannan ta juyo. "To, Likita, ƙirga mu ji. Ya cika?"

Na dubi ɗakin. Akwati ya fita, kanta ta shigo.

"Arba'in da uku, Inna. Ya cika."

"To rufe ƙofarki," in ji ta.