Buhu Na Biyar

Dakta Aƙilu yana da wata hanyar koyarwa da duk wanda ya bi ta hannunsa ba ya mantawa: abin da ɗalibi ya ƙera, sai an karya shi. Shi ke duba aikin ƙarshe na 'yan ajin fita a sashen injiniyancin ƙere-ƙere. Za ka ƙera abu, ka kai wa mai buƙatarsa ya yi wata uku yana amfani da shi, ka kuma rubuta a takarda iya nauyin da zai karya shi. Ranar jarrabawa sai Dakta ya kwaso aji guda a motar jami'a, a zo har inda abin yake, a yi ta lafta masa kaya har ya ce ɓas. In ya karye kusa da abin da ka rubuta, ka ci. In ya saɓa, sai baɗi.

Mutumin Rogo Sabon Gari ne, ɗan gidan magatakardan hakimi, ya tashi ne inda abin da aka rubuta ya fi abin da ido ya gani. Ba ya ihu, ba ya zagi. Wallahi da yana zagin ma da ya fi sauƙi. A hankali yake magana, yana goge gilashinsa da bakin riga, ya ce injiniyan da bai san inda aikinsa zai karye ba, wata rana gadarsa za ta kashe mutane.

Murja ta san wannan doka tun tana aji uku, duk da haka ta zaɓi ƙera keken guragu. To me za ta zaɓa? Mahaifinta Malam Jibo yana can wata ruga bayan Tudun Kaya, shekara huɗu ke nan tun da bijiminsa ya haɗa shi da kututturen ɗorawa, bayansa ya taɓu, ƙafafu suka mutu. Mutumin da ya yi rayuwarsa a bayan shanu ya koma yana jin fitarsu da safe, yana jin dawowarsu da yamma, daga kan tabarma.

Wata biyar ta yi a kan keken nan. Ƙafa uku ta yi masa, ta sa tayoyin babur masu faɗi don kada ya nutse a rairayi, ta ɗauko sarƙa ta mayar da tuƙin ya zama na hannu. Ta zauna ta yi lissafi, ta sake yi, ta rubuta cewa kilo ɗari biyu da arba'in ne zai karya shi. Mahaifinta ko sittin bai kai ba.

Ranar da ta kai masa, ba ta mantawa. Aka ɗora shi, ya murza hannun sau biyu yana ɗari-ɗari, sai kawai ya miƙe hanya, bai waiwayi kowa ba. Ta bi shi da gudu har inda garke ke kwana. Ya tsaya yana kiran shanun ɗaya bayan ɗaya da Fillanci, wata tsohuwar saniya ta taho ta sa masa hanci a cinya. Murja ta juya baya ta yi kukanta. Daga ranar nan ba a ƙara ganin Malam Jibo a ɗaki da hantsi ba. Har Juma'a ya koma zuwa da kansa, yana tafe yana ɗaga wa mutane hannu.

Amma a mako na biyu ta ga abin da ya tsinka mata zuciya. Keken ya faɗa wani rami da ruwa ya zaizaye, ta ga ƙarfen ƙarƙashin kujera ya ɗan lanƙwasa ya dawo. Lissafinta ya ce ba komai. Zuciyarta ta ce ubanki ne a kai. Sai ta ɗora keken a a-kori-kura ta kai wa Sabi'u mai walda a Karaye, ya ƙara masa tokara biyu ta ƙasa, ta shafe su da baƙin fenti. Takardar kuwa tuni ta miƙa ta, ba ta gyara komai a ciki ba.

Ta taɓa zuwa ofishin Dakta Aƙilu ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, keken nan shi ne ƙafafun mahaifina. A taimaka a gwada shi ba tare da an karya ba."

Ya dube ta ta saman gilashi. "Mu je dai mu gani."

Mu je dai mu gani! A kan wannan 'yar magana ta jingina wata uku cur. Shi ya sa ba ta gaya wa tsohon komai ba. Abin da ta ce masa kawai, malamanta za su zo su ga keken.

Ranar Asabar da hantsi motar ta iso, ta tsaya a fili gaban gidan. An yi ruwa jiya, ƙasa da danshi. Malam Jibo ya yi wanka ya sa farar rigarsa ta Sallah, ya sa an dama fura ƙwarya uku, an shimfiɗa tabarmi a inuwar mangwaro. Mutanen ruga sun taru, har da na maƙwabta. Ya tuƙo keken da kansa ya tari baƙi, ya yi musu kewaye biyu don su gani.

Dakta ya rusuna ya gaishe shi, gaisuwa mai kyau, ya tambayi jiki, ya tambayi dabbobi da damina. Sannan ya ce, "Baba, a ɗan sauka mana."

Ɗalibai biyu suka ɗauke shi suka ajiye a tabarma. Aka tokare ƙafafun keken da duwatsu, aka ɗora katako a kan kujera. Aka aro buhunan takin zamani daga rumbun maƙwabci, kowanne kilo hamsin. Dakta ya ɗaga takardar Murja ya karanta wa aji lambar da ta rubuta.

Buhu na ɗaya, na biyu, na uku. Murja na tsaye tana jira ya ce ya isa. Bai ce ba. Na huɗu. Na biyar, inda ya kamata ƙarfe ya ba da kai, keken ko gezau. Na shida. Na bakwai.

Mutanen ruga suka ɗauki sowa. Su a ganinsu gwanintar ke nan. Malam Jibo ya washe baki yana buga tabarma da tafin hannu.

"Ku ƙara!" in ji shi. "Ku ƙara mana, Malam! Aikin yarinyar nan ne, ba na kanti ba."

Aka ɗora na takwas, kilo ɗari huɗu, keken na nan tsaye abinsa. A cikin ɗalibai kuwa babu mai murmushi, domin su sun san abin da hakan ke nufi.

Dakta Aƙilu ya sa aka sauke buhunan. Ya tattare rigarsa ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya ciro makullin mota ya kankare fentin. Ya daɗe yana kallo kafin ya miƙe.

"Murja, waɗannan biyun suna cikin zanenki?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Wane lissafi ya ce ki sa su?"

"Na ji tsoro ne."

"Kun ji ko?" Ya juya ga aji. "Ta ji tsoro. Ta yi lissafi, ba ta yarda da shi ba, ta je ta roƙi mai walda ya rufa mata asiri."

Da Turanci yake koyarwa kullum, amma yau da Hausa ya yi ta, tsaf, yadda kowa a filin zai ji. Ya aika aka ɗauko akwatin kayan aiki daga mota, ya zaro zarton ƙarfe ya ajiye a kan kujerar keken.

"Ni abin da kika rubuta na zo gwadawa, wannan kuwa ba shi ba ne. In kin cire abin da kika ƙara, sai mu gwada naki. In ba ki cire ba, ba a yi jarrabawa ba, mu haɗu baɗi ki fara sabon aiki. Ki yi sauri, akwai mai jiranmu a Rogo kafin azahar."

Malam Jibo ya ɗan gyara zama da hannuwansa.

"Malam, gafara dai. In an yanke, aka ɗora, ya karye, wa zai gyara?"

"Ba a gyarawa, Baba," in ji Dakta cikin ladabi. "Ƙarafan na jami'a ne. Tarkacen za mu tafi da shi, 'yan baya su yi karatu a kan bakin karayar."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Sai ya dubi 'yarsa, ya juya harshe zuwa Fillanci don kada baƙi su ji.

"Tun ranar da kika kawo min, kin san za a yi wannan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin sani," ya ce.

Allah ya sani, jira take ya ce yanke. Da ya ce yanke, da ta yi kuka ta yanke, laifin ya rabu biyu. Da ya ce kar ki taɓa, da ta ajiye zarton ta ce umarnin uba ne, ta haƙura da shekarar. Amma ya ƙi ba ta ko ɗaya. Ya zauna da farar rigarsa yana kallonta kawai. Ita kuwa abin da ke yawo a kanta shi ne shekara biyar na karatu, da yajin aikin da ya riga ya cinye mata guda, da 'yan ajinta da za su tafi hidimar ƙasa su bar ta tana bin ofisoshi. Ta ce a ranta ai zan yi masa wani, wanda ya fi wannan ma. Ta san wata biyar wancan ya ci, da injinan jami'a a hannunta, ta kuma san daga yau ba ta da su. Duk ta sani, ta ɗauki zarton.

Kai, Sabi'u ya iya walda! Ta kwanta a kan danshin ƙasa tana ja tana turawa, ƙarfe na kuka, ba abin da ake ji a filin sai wannan ƙara. A tsakiyar tokara ta farko haƙorin zarton ya tsinke. Ta ɗago tana haki, tana zaton ko Allah ya kawo mafita. Dakta ya buɗe akwati ya miƙo mata sabo, ashe da dozin yake yawo. Tafin hannunta ya yi bororo, bororon ya fashe. Wasu daga matan ruga suka ja mayafi suka koma gida, ba za su iya kallo ba. Wani ɗalibi kuwa ya ɗaga waya yana ɗauka. Fiye da rabin awa ta yi kafin ƙarfe na biyu ya faɗo ƙasa.

Aka sake ɗora katako. Na ɗaya. Na biyu. A na uku ƙarfen ya fara ƙara. A na huɗu kujerar ta sunkuya kaɗan ta tsaya. Samari biyu suka ɗago na biyar, suna sauke shi a hankali, bai gama zama ba sai ji aka yi ƙau! Keken ya rabe a tsakiya, tayoyin baya suka buɗe, buhu ɗaya ya fashe, farin taki ya watsu a ƙasa.

Ɗalibai suka ɓarke da tafi. Dakta Aƙilu ya cire gilashi, fuskarsa ta saki, karo na farko da Murja ta taɓa ganin haƙoransa.

"Ɗari biyu da arba'in ta rubuta, ya karye kafin ɗari biyu da hamsin. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ban taɓa samun lissafin da ya yi daidai haka ba. Murja, ke injiniya ce."

Nan ne abin da ya fi komai muni ya faru, kuma ba Dakta ne ya yi shi ba. Wani daɗi ya taso wa Murja daga ƙirji, ba ta gayyace shi ba, ba ta iya danne shi ba. Lissafinta ya fita! Bakinta ya buɗe da murmushi, murmushi sosai, har ta ɗaga kai tana neman wanda za ta nuna wa. Idonta ya faɗa cikin na mahaifinta. Ya gani.

Ta yi maza ta haɗe fuska, amma ina, ya riga ya gani.

Aka tattara tarkacen aka ɗaure a saman mota da igiya. Ɗalibai suka zagaye ƙoren fura suka shanye tas, suna yaba nonon. Dakta ya je ya rusuna ya yi wa tsohon sallama, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya yi masa barka da samun 'ya mai ƙwaƙwalwa. Malam Jibo ya amsa da amin.

Murja ta durƙusa a gefen tabarma, hannuwanta na zogi.

"Baffa, zan yi maka wani. Wallahi zan yi."

Bai dube ta ba. Direba ya danna oda. Dokar Dakta ce, wanda bai halarci gwajin ɗan'uwansa ba, an soke nasa.

"Bari in kai ka ɗaki tukun," ta ce, ta sa hannu a hammatarsa.

Ya cire hannun, ba da ƙarfi ba. "Je ki, kada su tafi su bar ki."

Wani maƙwabci ya matso zai ɗauke shi, shi ma ya ɗaga masa hannu. Ya dafa ƙasa da tafukansa biyu, ya ja jikinsa ya sauka daga tabarmar, ya sake dafawa ya sake ja. Ƙafafun na biye da shi a baya, farar rigar na kwasar taɓo.

Direba ya sake danna oda, mai tsawo. Murja ta miƙe. Ta shiga motar, ta sami wuri a bakin taga, wata ƙawarta ta rungume ta tana mata murna. Motar ta juya ta ɗauki hanyar Rogo, ƙarafan na ƙwanƙwasa rufi a saman kanta. Da ta waiwaya, yana nan a tsakiyar fili yana ja, bai ko kai rabin hanyar ƙofar gida ba.