Fuskar Baba a Tawadar Rini

Shekara goma sha ɗaya ina buga wa mutane hoto, kuma ba yabon kai ba, duk layinmu babu mai fitar da baƙi da fari kamar ni. Sirrin a tawada yake. Iri biyu ake zuba wa firinta: akwai mai gari-gari da ke zama a saman takarda, akwai ta rini wadda takarda ke shanyewa. Ni ta rini nake so, baƙinta wuluk, ga sheƙi. Mai yi min gyaran injina ya sha gaya min ba ta jure rana, ni kuma in ce masa ya tsaya a kan sukurdirebansa, hoto ba fanninsa ba ne. Allah wadaran bakina.

Hoton Baba guda ɗaya ne tak a duniya. Ya rasu ina ɗan shekara biyu, don haka duk abin da na sani na fuskarsa a jikin wata 'yar takarda yake, wadda ba ta kai tafin hannu ba. Danshi ya sa ta manne da gilashin firam ɗinta. Sai da na yi wata guda ina naci kafin Umma ta ba ni.

"Auta, ka bar min abina. Ni a haka ma ina ganinsa."

"Haba Umma, ɗanki mai hoto, a ce Baba yana ruɓewa a bango? Kwana biyu kawai."

Na ɗora shi a sikana da gilashin da komai, ya shiga kwamfuta lafiya lau. Da na tsaya nan da shi ke nan. Sai ƙaiƙayin hannu ya kama ni, na ce bari in ɓamɓare takardar. Ta biyo hannuna fara fat, fuskar ta marmashe a jikin gilashin. Na ce wa kaina ba komai, ai yana cikin kwamfuta.

Na buga shi babba da tawadar rini. Wallahi ya yi kyau, har zaren hularsa ana ƙirgawa. Umma ta yi kuka, ta sa min albarka, ta ma manta da tambayar tsohon. Ta sa na kafa mata shi a bangon da ke kallon taga, don tana buɗe ido ta gan shi. Ina buga ƙusa ina ganin rana tana ratsowa ta tsakanin labule, tana sauka daidai fuskar. Na gani, na ja bakina na yi shiru, don kada ya zama mai gyara ne ya yi gaskiya.

Bayan shekara kwamfutar ta fara ba ni wahala. Mai gyara ya tambaye ni ko akwai abin da zai kwafe kafin ya wanke ta. Lokacin ina tsakiyar cacar baki da wani kwastoma, na daka masa tsawa ya share komai ya ƙyale ni. Ya kuwa share.

Yayata ce ta kira ni, shekara uku da kafa hoton.

"Malam gwani, zo ka ga aikinka. Baba ya zama kore."

Ni in na je gida a falo nake gaishe da Umma, na daɗe ban leƙa ɗakinta ba. Da na shiga, kai tsaye hoton na duba. Firinta irin tawa launuka take haɗawa ta fitar da toka-toka, kuma ja ne ke fara gudu a rana. Rigar ta koma kore kamar gansakuka. Hula tana nan, kunne ɗaya yana nan, amma daga goshi zuwa haɓa sai wani dishi-dishi. Idon Umma ya yi rauni, ta ɗauka laifin idonta ne, kullum sai ta goge gilashin.

Na ɗauke shi na kai shago, na sake sa shi a sikana. Kwana huɗu ina jan haske, ina ƙara duhu, ina zana abin da babu. Na buga da tawada mai gari-gari, wadda ko jikokina za su tarar da ita. Na kai mata.

Ta sa tabarau, ta kawo shi daf da fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai kai ne, Auta."

Na durƙusa a gaban gadon. Na gaya mata komai, gilashin, kwamfutar, ranar da na gani na yi shiru. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi.

"Umma, ki zo shago ki zauna kusa da ni. Ki riƙa faɗa min ina zanawa. Idonsa manya ne? Hancinsa fa?"

Ta rufe ido. Na ji fanka tana juyawa, na ji Yaya ta ajiye tsintsiya a bakin ƙofa. Can sai Umma ta buɗe ido.

"Da can ina riƙe da shi a raina," in ji ta. "Da ka kawo babban, kullum yana gabana, sai na daina riƙewa."

Ta sake rufe idon, ta matse shi har goshinta ya tattare. Sannan ta miƙo min hoton.

"Ɗauki abinka. Fuskar Babanka ba ta zuwa min."