Dogon Yaro a Gonar Aro

Da Inna Saude ta hango 'yan itatuwan dogon yaro jere a bakin gonarta, kowanne an kewaye shi da ƙaya an ba shi ruwa, sai ta sauke ƙwaryar da ke kanta.

Marigayi mijinta ne ya ara wa wani kamfani gonar, lokacin da suka kafa injin wuta mai cin kwal a bayan ƙauyensu, kusa da Bungudu, don su riƙa zubar da toka. Aro, ba sayarwa ba. Yanzu kuma ana ta raɗe-raɗin ƙara inji na biyu, wai tun da aka ba Zamfara jiha wuta ba ta isar Gusau.

Yusha'u, wakilin kamfanin, ya tarbe ta da fara'ar da ta yi yawa.

"Inna, don ku muka dasa. Su tare toka kar ta sauka kan hatsinku."

"Shekara nawa muna cin tuwo da toka ba ku tare ba, sai bana? Kai ɗan wane gari ne, da ba ka san ba a dasa icce a gonar aro ba? Wanda duk ya dasa, cewa yake ƙasar tasa ce."

"Haba Inna, inuwa ce kawai."

"Tafi ka yi wa gidanku inuwa."

Ta zarce gidan Magaji, mai garin. A zaurensa ta iske sabon ƙwan lantarki na ci da rana tsaka, alhali duk ƙauyen aci-balbal ake kunnawa. Ta daɗe tana kallon ƙwan kafin ta durƙusa gaban Magaji.

"Ranka ya daɗe, a gabanka aka yi aron nan."

Magaji ya ce shekaru sun ja, sai dai ta kawo shaidu. Su biyu ne: Malam Tukur ya riga mu gidan gaskiya, Ɗanlami kuwa kwanan nan kamfanin ya ɗauke shi gadi.

"Ki yi haƙuri, bayan damina sai a zauna."

Bayan damina ai itatuwan sun kama ƙasa. Ko sallama ba ta yi ba ta fice.

Ta koma gonar da fartanya, ta bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya tana tumɓukewa, leburori sun tsaya suna kallo. Yusha'u ya ce zai kira 'yan sanda.

"Kira su, su iske ni ina shuka."

Ta kwance irin dawa daga bakin zanenta, ta sara rami cikin tokar, ta zuba ta take da diddige. Ko ya fito ko kar ya fito, an dai ga wadda ta shuka gonar bana.