Siminti a Zauren Kaka

Masta Tijani ya sauka daga yalo-yalo, ɗan keken haya mai ƙafa uku, a bakin layinsu na Tishigu a cikin Tamale, ya wuce gidansu da taku goma kafin ya gane ya wuce shi. Kwana goma sha biyu ya yi a Kumasi, inda aka cire masa yanar ido, kuma abu na farko da gyararren idon ya nuna masa sarai shi ne zauren kakansa sanye da siminti, an shafe shi da shuɗin fenti irin na shagon sayar da katin waya. An yaye jinkar ciyawa an kifa kwano. A bakin ƙofa an jera tayil mai santsi.

Zauren kewayayye ne, na ƙasa. Kakansu ya gina shi a shekarar da ya sauke kayan goronsa a Tamale ya ce ya gaji da tafiya. Shi ne zauren ƙasa na ƙarshe da ya rage a layin, sauran duk sun zama shagunan bulo, kowanne da addu'a a saman ƙofa da lasifika a ƙasa. Masu faɗaɗa hanya sun riga sun zana masa jan gicciye, kuma abu ɗaya ne zai cece shi: ofishin kula da kayan tarihi ya sa shi cikin jerin gine-ginen da ba a taɓawa. Shekara guda Tijani ya yi yana rubuta takardu, da Turancin da ya yi shekara talatin yana ɗura wa yaran da ba su nema ba. A ƙarshe aka ce za a turo jami'a ta gani da idonta. Yau ne, ƙarfe sha ɗaya.

Ƙanensa Rauf, mai sayar da kayan babur a unguwar Sakasaka, ya fito cikin farar riga yana murmushin wanda ke jiran godiya. Ya yi masa sannu da hanya, ya tambayi ido, sannan ya shiga bayani. Manyan baƙi za su zo, har da kyamara. Ba zai yarda a ɗauki hoton gidan ubansu da tsaga a bango ba, mutane su ce 'ya'yan gidan sun mutu ne. Ya ƙara da cewa ko jan gicciyen ma fenti ya rufe shi, kamar dai masu hanya a bango suke ajiye takardunsu.

Tijani ya ɗaga kai ya dubi saman ƙofa. A nan zanen gidan yake a da, wanda innarsu da matan layi suke sabuntawa duk bayan damina, su shafe shi da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa cin bango. Ya tambayi ina zanen. Rauf ya ce birkila ya kankare shi, don siminti ba ya zama a kan tudu da kwari.

"Wa ya aike ka?"

"Yaya, kunya ce ta aike ni."

"To ta samu ɗan aike."

Ya so ya ƙara, amma likita ya hana shi ɗaga murya saboda idon, kuma babur ya riga ya tsaya a bayansu. Jami'ar matashiya ce, sunanta Faridatu, da fayil ɗaure a bayan babur. Ta gaishe su cikin ladabi, sannan ta tambaya ta ina ake bi zuwa tsohon ginin. Rauf ya buɗe hannu biyu ya nuna mata.

Ta ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa. Ta zagaya shi sau ɗaya. Ta ce ƙa'idarsu ita ce gini ya kasance da kayansa na asali, kuma abin da take gani siminti ne da kwano da tayil. Tijani ya ce ƙasar tana nan a ciki, shekara ɗari da wani abu. Ya tsallaka wurin mai facin taya ya aro guduma. Bugu na uku wani faffaɗan ɓangare ya faɗo, ya taho da fuskar bangon manne a bayansa. Abin da ya rage jar ƙasa ce kankararriya, da danshi, babu makuba, babu sawun yatsa ko ɗaya.

"Baba, ka daina," in ji Faridatu. "Siminti yana riƙe ruwa a ciki. Damina biyu bangon zai kumbura ya zube, ko hanya ta zo ko ba ta zo ba. Ba zan iya rubuta abin da ban gani ba."

Ta ce gidan kakarta a Dungu ma haka aka yi masa, don bikin dawowa daga Makka. Rauf ya gyaɗa kai, ya ji daɗin samun abokan ra'ayi.

Ƙura ta ɓata mata hannu, ta nemi ruwa, aka shiga da ita tsakar gida. Tana wankewa da buta ta hango wani abu a kusurwar baya, lulluɓe da tamfol. Rauf ya yi sauri ya ce ba komai ba ne, ɗakin awaki ne, siminti ne bai isa ba shi ya sa ya rufe shi. Ta ɗaga tamfol ɗin. Tsohon madafin kakarsu ne, ɗan kewayayye, baƙi wuluk da makuba, sawun yatsun mata a jere tun daga ƙasa har ƙarƙashin jinka. Akuya biyu suka dube ta suka ci gaba da tuƙa.

Kusan rabin awa ta yi tana awo tana ɗaukar hoto. Ta ce ba ta taɓa ganin irinsa a tsakiyar gari ba, kuma yau ɗin nan za ta rubuta a sa shi a jeri. Tijani ya nuna mata cewa tsakanin ɗakin da hanya taku arba'in ne, babu wanda ya taɓa cewa zai rushe shi. Ta ce ta sani. Zauren kuwa, ta ce, gara su kwashe abin da suke so a ciki kafin ƙarshen wata.

Bayan ta tafi, Tijani ya tsaya a tsakar gida da gudumar mutane a hannu. Rauf ya daɗe yana kallon ɗakin awakin da idon mai auna aiki.

"Yaya, tunda yanzu ya zama na tarihi, baƙi za su riƙa zuwa. Ga ragowar rabin buhu can. In aka ƙaro ɗaya..."

Tijani ya ajiye gudumar a hankali. Ya ɗauki butar da Faridatu ta bari, ya je ya kwance bakin buhun simintin, ya juye ruwan duka a ciki. Sannan ya koma wurin randa ya sake ciko ta.