Bayan Rigar Marcy

Kowace shekara, Asabar ta farko bayan Kirsimeti, masu son tsofaffin jiragen sama na garinmu sukan taru a rumfar jirgin Vern, mai koyar da tuƙin jirgi, kowa ya nuna kyautar da ya samu. A wannan shekarar, wata goma sha huɗu ke nan da tsohon jirgin mijina Orval ya faɗi da shi a gonar masara. Ban so zuwa ba, 'yarmu Marcy ce ta matsa. Ita kaɗai ta rage mini, kuma a bakin kabarin ubanta ta yi mini alkawarin ba za ta taɓa tuƙa jirgi ba.

Na kai tukunyar miyar wake. Iska tana ta kaɗa kwanon rufi.

Gus, abokin Orval, ya ɗaga kwalin ɗan jirgin katako, irin wanda sai an harhaɗa.

"Da wannan hannun naka mai rawa?" in ji Vern. "Sai dai jikokinka su ƙarasa."

"Kai fa, tsoho?" in ji Gus. "Safa aka sake ba ka?"

Ana cikin dariya aka zo kan Marcy. Ta ce ita littafi kawai ta samu.

"Wane littafi?" in ji Gus. "Nuna abin da Vern ya sa miki a gilashi mana."

Gus ya dube ni, sannan ya sunkuyar da kai.

Al'adarsu ce, ranar da mai koyo ya fara tashi shi kaɗai, malaminsa ya yanke bayan rigarsa da almakashi, ya rubuta kwanan wata, a rataye a bango. Wanda ya mutu, a ɗaura wa nasa baƙin zare. Na Orval ne na biyar da aka ɗaura wa, da zaren da na kawo.

Marcy ta zaro abin daga jaka. Na gane yadin, mai ratsin shuɗi, ni na ɗinka rigar. Da can ta ce mini injin wanki ne ya yaga ta. Tara ga Oktoba aka rubuta, ranar da ta ce za ta wurin likitan haƙori.

"Da wane jirgi?" na tambaya.

"Mai ruwan ɗorawa, Mama."

Yana bayanmu a lulluɓe da tamfol. Shekara ɗaya aka ƙera su da na Orval.

"Lorraine," in ji Vern a hankali, "hannun ubanta ne da ita."

"Na sani," na ce.

Marcy ta jira in ƙara magana. Sannan ta je bango. Ƙusa ɗaya ce babu komai a kanta, ƙarƙashin ta ubanta. Nan ta rataye nata.

Wani daga baya, da bai san me ake ciki ba, ya ce gobe gari zai washe, za a iya tashi.

Na ɗauki tukunyata na tafi gida. Ragowar baƙin zaren nan yana cikin gwangwanin ɗinkina. Na ɗauko shi zan jefar, na daɗe tsaye a bakin kwandon shara. Daga baya na mayar da shi na rufe.