Likkafanin Tok Mek

Yayana Rosdi ne ya ce ba za mu bi babbar hanya ba. Babbar hanya sai an biya a kowace ƙofa, tsohuwar hanyar bakin teku kuwa kyauta ce, ga iska, ga kallo. Otal ma ba za mu kama ba. Yana da tanti, yana da ɗan murhun gas, kujerun motarsa kuma suna kwanciya. Yana faɗa yana kallon wayarsa, don ba da mu yake ba. Da mabiyansa yake, waɗanda yake koya wa yadda ake zaga ƙasa da kuɗin da bai kai na ɗinkin riga ba.

Na ce da shi, yadda muke kiran yaya, "Abang, ba yawon shan iska za mu ba. Tok Mek za mu ɗauke."

"Na sani, Injiniya. Wadda ta yi shekara da shekaru a kwance, ɗan jiran nan ne zai gagare ta?"

Tok Mek kakarmu ce, mahaifiyar babanmu, wanda muke kira Ayah. Kabarinta yana Kampung Pasir Lentik, can arewa a Terengganu, ƙauyen da Ayah ya baro tun yana saurayi ya zo aikin tashar jiragen ruwa a Johor. Maƙabartar a bakin teku take, tekun kuwa kowace damina sai ya gutsiri gaɓar. Abin da na karanta ke nan a jami'a, kuma na ga hotunan wurin da aka ɗauka daga sama: layin da Tok Mek take ciki shi ne na gaba. Ni na yi ta sintiri a ofishin addini har aka yarda a tone ta a mayar da ita tudu, da sharaɗin ɗanta yana tsaye a wurin. Ni na yi magana da masu haƙa. Ni na sayo sabon farin yadi na likkafani, na naɗe a leda na sa a but. Abin da ya rage shi ne mu isa kafin iskar damina ta juyo daga arewa, kuma rediyo ya ce tana hanya.

Ayah ya gyara hularsa, ya rungume kwalbar ruwan wardi da zai zuba a kan sabon kabarin, ya ce, "Ku bar musu. Ba komai, za mu isa."

Ba komai. Da kalmar nan aka rene mu. Rufi yana yoyo, ba komai. Gada ta tsage, ba komai. Ranar da ta rufta, sai a ce haka Allah ya rubuta.

Tafiyar yini guda ce ga mai hankali. Mu kuwa la'asar ba ta yi ba Rosdi ya sauka daga titi a Mersing, ya tsaya ƙarƙashin dogayen itatuwan bakin teku da ake kira ru, wai hasken wurin ba a wuce shi. Ya kafa tanti, ya kafa wayar a kan ƙafafunta, ya dafa indomi da ƙwai yana yi wa duniya bayanin yadda ake tafasa ruwa. Gefenmu irinsa ne reras: 'yan birni da kujeru masu naɗewa da ƙananan fitilu a jikin igiya, sun zo neman natsuwa, kowa da amsa-kuwwarsa. Da safe suka tafi suka bar wa natsuwar ledoji da gwangwanaye da ƙunzugun yara.

Rosdi ne ya kwana a tanti. Ni na naɗe a kujerar baya, gwiwa a ƙirji, ƙarfen bel yana soka mini haƙarƙari. Ayah ya kwantar da kujerar gaba, muka ɗan sauke gilashi don iska, sauro ya karɓi gayyatar. Igiyar leƙon da muka kunna mu ta shaƙe, ba sauron ba. Da asuba muka je masallacin gari, na tarar da layin masu tawul a ƙofar banɗaki. An yi wanka, an cika jarkoki, an sa wayoyi a caji. Da aka tayar da salla, sahu ɗaya bai cika ba.

Haka muka riƙa ja kamar masu rakiyar amarya. A Cherating ya tsaya don raƙuman ruwa. A Kemaman ya tsaya don keropok lekor, wani soyayyen kwaɓin kifi da gari, wai ba a wuce mai suyar nan, kifinta ya fi garin yawa. Ya tsoma a yaji ya miƙa wa wayar kafin ya kai baki. Na faki idonsa na kira Pak Embong, dattijon da ke kula da maƙabartar.

"Lafiya lau kabarin yake, 'yata. Mun jera buhunan yashi."

"Pak Cik, buhun yashi ba ya tare teku."

"To, ai ya tare jiya. Ku taho a hankali, kada ku wahalar da tsoho."

Da na dawo, na ga an ɗaura wata farar rumfa daga ƙofar but zuwa reshen bishiya, Rosdi yana kishingiɗe ƙarƙashinta yana shan ruwan kwakwa. Sai da na matso na gane yadin.

"Abang, likkafanin Tok Mek ne wannan."

"Aro na yi. Ita ma da tana nan ba za ta bar jikanta a rana ba."

"Da tana nan da ta fasa maka baki da ludayi."

"Kin ji ta, Ayah? An kashe kuɗi an kai ta jami'a, ta dawo da digirin faɗa."

Na kwance yadin ina kakkaɓe yashi. Na tsuguna kusa da Ayah na ce mu bar Rosdi da tantinsa, mu hau bas ni da shi, kafin magariba mun isa. Ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa.

"Tare muka fito, Hazirah, tare za mu isa. Bayana ma yana ciwo."

Bayansa lafiya ƙalau. Na lura duk inda Rosdi ya ce a tsaya, Ayah ne farkon buɗe ƙofa. Da hannunsa ya sa mahaifiyarsa a kabari, kuma ba ya son ganin abin da za a fito da shi. Na tausaya masa, amma tausayina bai hana ni jin haushi ba. Shi tsoro, ɗansa shashanci, suka haɗu suka kira abin haƙuri.

Da muka wuce Dungun, masunta suna ta jan kwale-kwalensu sama, har can ƙarƙashin kwakwa, suna ɗaurewa da igiya biyu-biyu. Sama ta gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Ayah ɗan masunci ne, ya san abin da hakan yake nufi. Ya kalle su ta gilashi, ya kawar da kai. Tafiyar da ta rage ba ta fi tsakanin azahar da la'asar ba, amma Rosdi ya karya kan mota zuwa wata gaɓa kusa da Marang.

"Nan ne wurin da ya fi ko'ina fitowar rana. Na yi wa mutanena alkawari."

"Wace rana? Ɗaga kanka ka gani."

"Hadari ma yana jawo masu kallo, Injiniya."

Ya samu abin da yake so. Kafin duhu ya gama shiga iska ta tumɓuke tantin, ta yi cikin daji da shi kamar ledar burodi. Rosdi ya faɗo mota sharkaf, muka cushe mu uku, gilasai suka yi gumi, motar tana rawa, ga warin jiƙaƙƙen takalmi da gas. Ruwa ya fara shigowa ta robar ƙofa. Na ga hannunsa ya miƙe baya yana laluben ledar yadin, na buge shi, na rungume ledar har gari ya waye. Ba wanda ya yi barci. Ƙarar tekun kamar ana juye tifar duwatsu, ba hutawa. Can na ji Ayah yana karanta Yasin a hankali.

Da hantsi muka shiga Pasir Lentik, rassan kwakwa zube a kan hanya. Pak Embong ya tarye mu a ƙofar masallaci, siriri, zaninsa jiƙe har gwiwa, da wasu maza biyu a bayansa. Ya rungume Ayah.

"Wan Deraman, ashe kana raye. Birni ya cinye maka gashi."

"Kai kuma ƙauye ya cinye maka haƙora. Ina tsohuwata?"

"Ku fara shan shayi."

Na ce, "Pak Cik, masu haƙa suna jiranmu."

"Na sallame su, 'yata. Mun hutasshe ku. Tun da safe muka ɗauko ta, tana tudu."

Ayah ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka saki. Rosdi ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Kin gani? Duk masifar da kika yi mana a hanya, ga shi an gama ba ke."

Pak Embong ya kai mu bayan masallaci, wani fili mai ciyawa. Ga duwatsun kaburbura an jera su biyu-biyu, na kai da na ƙafa, mulmulallu na maza, masu faɗi na mata. Ya nuna na Tok Mek, sunanta a jiki. Ayah ya durƙusa ya fara kwance murfin kwalbar. Rosdi ya ɗaga waya.

Ni kuwa ƙasa na kalla. Tsakanin dutsen kai da na ƙafa ciyawa ce kore shar, ba a taɓa ta ba. Ba tudun sabuwar ƙasa, ba sawun shebur, sai ɗan ramin da aka caka kowane dutse. A cikin rubutun sunan akwai jiƙaƙƙen yashi da ɗan zaren ciyawar teku.

"Pak Cik, me kuka ɗauko?"

"Ga shi kina gani."

"Duwatsu nake gani. Ina ƙasusuwan?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi mutanensa, ya yi 'yar dariya irin ta wanda yaro ya yi wa tambayar da ba a yi a gaban manya.

"Ruwa ya zo da ƙarfi jiya. Layin gaba duk ya tafi. Da gari ya waye muka bi gaɓa muka tsinto duwatsun, ko ɗaya bai ɓata ba, alhamdulillahi. Ai addu'a tana isa ko'ina mutum yake."

"Shi ne kuka ce kun ɗauko ta."

"To, me za a ce wa baƙo daga isowarsa? Dubi can." Ya nuna wasu layuka a gaba, duwatsunsu naɗe da farin ƙyalle kamar yadda ake yi, har da busassun furanni. "Na bara ne da na bara waccan. Duk Sallah 'yan uwansu suna zuwa daga Kuala Lumpur, su zuba ruwa, su yi kuka, su koma da farin ciki. Ba wanda ya taɓa ƙorafi."

"Sun sani?"

"Ba su tambaya ba."

Gari guda ya zauna ya ƙirƙiro maƙabartar da babu gawa a cikinta, yana kuma alfahari da tsabtarta. Rosdi ya sauke wayar rabi, ya ce, "To, tunda niyya ce, Ayah, zuba kawai mu ɗauka. Ba komai."

Ayah ya ɗora tafin hannunsa a kan ciyawar. Ya finciko kaɗan, ta fito da saiwarta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar da murfin kwalbar.

"Sa abin nan a aljihu, Rosdi." Bai ɗaga murya ba. "Hazirah, kama ni."

Na riƙe hannunsa muka gangara tsohuwar maƙabarta. Ƙasa ta yanke kamar an sa wuƙa, buhunan yashin a warwatse can ƙasa, ruwa ja-ja-ja yana dukan gindin gaɓar. Ayah ya nemi bishiyar da yake gane kabarin da ita, ya ganta kwance cikin ruwa, saiwa a sama. Ya buɗe kwalbar ya juye. Iska ta dawo mana da rabin ruwan a ƙafa.

"Jiya da la'asar tana nan," in ji shi.

Na ƙara riƙe hannunsa.

Taku kaɗan daga bakin yankewar akwai wani layin kaburbura, ƙasa har ta fara tsagewa a bayansu. Ayah ya karɓi ledar yadin daga hannuna, ya juya ga Pak Embong da ya biyo mu.

"Embong, ga likkafani sabo. Kuɗin masu haƙa mun riga mun biya, ka maido su. Ka kira 'yan uwan waɗannan, yau ba gobe ba. A fara da na bakin nan."

Pak Embong ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ce in sha Allah, da zarar ruwa ya lafa.

Na karɓe makulli daga hannun Rosdi, bai yi musu ba. Ya shiga baya, inda nake kwana, ya naɗe ƙafafu yana tambaya ko a hanyar komawa za mu tsaya ya duba tantinsa. Na tayar da mota. Da muka zo wucewa ta bayan masallaci na rage gudu. Pak Embong yana zaune a gindin duwatsun da aka jera da safe, yadin a cinyarsa. Ya kama gefensa da sauran haƙoransa ya tsaga, ya yage tsiri mai tsawo, ya fara naɗe dutsen Tok Mek da shi, a tsanake, yana gyara ƙullin don ya yi kyau.