Gefen Kawu a Tiren Direbobi

Wata uku likitan kamfanin bas ya ba Kawu. Ya ce idan aka sake gwajin jini, lambar sukarin ba ta sauko daga goma zuwa ƙasa da takwas ba, ba zai sa hannu a takardar lafiyarsa ba. Direban da ba shi da wannan takarda kuwa ba ya taɓa sitiyari. Shekara goma sha huɗu Kawu yana jan bas a garin nan. Shi ya karɓe ni da na zo karatu, a ɗakin 'yarsa na zauna har na gama jami'a.

A lokacin ina aiki a cibiyar lafiya ta unguwarmu, ƙarƙashin wata likita da kowa ke ce wa Dakta. Bincike take yi kan ciwon sukari a tsakanin baƙi irinmu, waɗanda suka baro ƙasashensu suka zo neman na kansu. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, ana ba su magani, ana ba su shawara, suna gyaɗa kai, amma lambobinsu ba sa motsi. Aikina in zauna da su mu cike takardar tambayoyi, sannan in shigar da amsoshin a kwamfuta.

Duk wanda ya zo, cibiya takan ba shi farantin roba mai gida uku: babban gida na ganye, ƙarami na shinkafa ko burodi, ɗayan na nama ko kifi. Tambaya ta goma sha biyu a takardar tana cewa, faranti nawa ka ci jiya da rana? Mutane sukan amsa komai, har wanda ba a tambaye su ba, amma da an iso nan sai su kalli rufi. Wani ya ce ya dai ƙoshi. Wata ta ce ita ba ta ƙirga wa kanta loma. Cikin takardu tamanin, hamsin da bakwai babu amsa a wurin. A taron mako Dakta ta ce wataƙila kunya suke ji. Na ci gaba da rubutu.

A gida kuwa Anti, matar Kawu, ta ɗaura ɗamara. Ta ɓoye gwangwanin sukari a bayan injin wanki, tana auna masa abincin yamma a wani ɗan kwano. Kawu ya riƙa ce mata gandiroba. Duk da haka, kullum ya dawo aiki ya tsira yatsa ya auna, lambar tana can sama. Anti ta ce ƙarya yake, yana tsayawa a hanya yana sayen alewa. Ya rantse ban da abincin rana na gareji ba ya sa komai a baki.

Su tara ne a garejin, direbobi takwas da makanike ɗaya, kowa da ƙasar da ya fito. Matansu ke dafa musu abincin rana bi da bi, Anti ranar Alhamis. Wata Alhamis aka canza mata lokacin aiki, sai na ce ta kawo kular in kai.

Ɗakin hutunsu yana bayan wurin wanke motoci, yana warin man dizal da sabulu. Teburinsu tsohuwar ƙofar bas ce da aka ɗora kan tayoyi. Makanike, wanda ya girme su duka, ya karɓi kular ya juye shinkafar a wani tire mai faɗin murfin durom, suka kewaye shi. Na tsaya daga bakin ƙofa ina jiran kula. Kawu ya ɗan ja kaɗan gabansa, yana ci a hankali. Makanike ya dube shi, ya sa gefen hannu ya turo masa tulin shinkafa.

"Ci, marar lafiya. Ka ga yadda wuyanka ya koma kuwa?"

Wani direba da suke kira Dogo ya gutsuro rabin burodinsa ya ajiye masa, ya buɗe lemon kwalba ya tura gabansa, ya ce wannan gandirobar ta gida za ta kashe musu mutum da yunwa. Kawu ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai ya cinye. A kan kantar kayan aiki, kusa da akwatin sifana, na hango farantin cibiyarmu. Babban gidan cike yake da noti, ƙananan biyu da kusoshi.

Da Kawu ya rako ni bakin titi, shi ya fara magana. Ya ce ranar farko ya zo da farantin ya zuba nasa daban. Sai Makanike ya tambaye shi ko ciwon nasa ana ɗauka ne, ko kuwa wani laifi suka yi masa.

"'Yar nan, lokacin da na zo garin nan ko cokali ba ni da shi. Sati shida mutanen nan suna buɗa mini wuri a tiren can. Yau don likita ya yi magana sai in janye hannuna?"

Washegari na ɗauko takardun nan hamsin da bakwai na bi su da waya ɗaya bayan ɗaya. Ban tambayi faranti ba. Na ce, da wa kake cin abincin rana, kuma a cikin me? Mutum arba'in da tara a kwano ɗaya suke ci da wasu: mata a gidan wanki da guga, maza a sito, wasu a gida da iyali. Fiye da rabinsu sun ce tun da aka ji ba su da lafiya ake ƙara tura musu abinci. Na rubuta shafi biyu, har da labarin tiren garejin su Kawu, na ajiye kan teburin Dakta lokacin da ta fita, na koma kujerata na ɓuya a bayan kwamfuta.

Ba a jima ba ta tsaya a kaina, tabarau a goshi, takardar a hannu. Ta ce shekara huɗu ke nan tana koya wa mutum ɗaya cin abinci, ashe hannu tara ke cikin kwanon. Ta tambaye ni wa ya kamata mu fara gani. Na ce Makanike, don in bai yarda ba babu wanda zai yarda.

Da muka je da na'urar gwajin sukari, ya ce shi tsohon inji ne amma bai taɓa tsiyaya ba, a gwada yaran dai. Dogo ya ce ai tsoron allura yake, mutumin da ke shiga ƙarƙashin bas yana waƙa. Makanike ya miƙa yatsa don kawai ya rufe masa baki. Mutum huɗu cikin tara aka samu sukarinsu ya hau, har da shi da Kawu. Ya daɗe yana kallon 'yar na'urar, sannan ya juyo gare ni.

"To, 'yar Kawu, ke kika tono. Yaya za a yi?"

Na ce ba za a taɓa tiren ba. Shinkafa dai za ta koma gefe ɗaya, ɗaya gefen a cika shi da wake, kabeji, ganye da kifi, su huɗun su zauna ta nan. A sha ruwa maimakon lemo. In an tashi a zaga layin motoci sau biyu kafin a koma aiki. Dakta kuma ta gyara wa Kawu lokacin shan maganinsa ya dace da lokacin fitarsa.

Anti ta kira matan a waya ɗaya bayan ɗaya. Ba duka suka ji daɗi ba. Matar wani ta ce ita mijinta ba akuya ba ne, ta yi sati biyu tana aiko da shinkafa zalla, har sai da mijin ya fara tsayawa kasuwa da kansa yana sayo kabeji. Dogo ya koma shan lemonsa a bayan wurin wanki. Makanike kuwa bai daina tura wa Kawu abinci ba, abin da yake turawa ne ya canza, kuma duk wanda hannunsa ya ƙetara gefen shinkafa sai ya ji bayan cokali.

Daga baya Dakta ta kai tsarin gidan wanki, da sito biyu, da wani gidan burodi. Aka soke tambaya ta goma sha biyu, aka buga sabuwar takardar shawara mai hoton tire da hannuwa kewaye da shi, cikin harsuna biyar. Rahoton da ya fito bayan shekara, sunana na biye da nata. Amma duk wannan bai zo ba tukuna ranar da wata ukun suka cika.

Ni na raka Kawu ofishin likitan kamfani. Ya sa rigar aikinsa, Anti ta goge ta har tana ɗaukar ido, ya zauna yana juya hularsa a gwiwa. Likitan ya buɗe ambulan ɗin sakamakon gwajin jinin, ya karanta, ya sake duba sunan da ke sama. Bakwai da ɗigo shida. Ya tambayi Kawu me ya canza. Kawu ya ce wurin zama kawai ya sauya. Likitan bai gane ba, amma ya jawo takardar ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ce a dawo bayan wata shida.

A gareji mun tarar ba wanda ya fara cin abinci. Kawu ya ɗaga takardar sama. Aka hau buga ƙofar bas ɗin nan da tafin hannu har cokula suna tsalle. Dogo ya ce wannan murna sai da lemo, ya jawo kwali guda daga ƙarƙashin benci. Makanike ya karɓe ya zauna a kai, ya ce masa in ya isa ya ɗaga shi.

Suka matsa suka buɗa mini wuri kusa da Kawu. Na wanke hannu na zauna. Yana cikin ci mai raba aiki ya leƙo ya ce motar ƙarfe biyu ba ta da direba. Kawu ya miƙe da loma a baki, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya zari makulli daga jikin ƙusa.